JARABAR MAGUNGUNAN KASHE ZAFI TSAKANIN MA'AIKATAN ASIBITI: WA KE BIYAN ASARAR?

POTISKUM — Duk lokacin da aka ta da zancen shan miyagun ƙwayoyi a wannan gari, hankalin jama'a yakan koma ne kan tashoshin mota, da kasuwar shanu, da 'yan dako, da yaran manyan motoci masu kwana bisa hanya. Amma akwai wani rukuni da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali kuwa shi ne ya fi kowa kusa da ƙwayar, wato ma'aikatan kiwon lafiya su kansu: likitoci, da ma'aikatan jinya, da ungozomomi, da masu harhaɗa magunguna, da masu tsaron sito, har da yaran kemis.

Mutumin da mabuɗin akwatin magani ke cikin aljihunsa ba ya bukatar neman dillali a bayan tasha. Saboda haka idan jarabar maganin kashe zafi ta kama shi, takan daɗe a ɓoye, kuma asarar da take jawowa takan bi ta cikin littafin asibiti ba tare da an gane ta ba. Majinyaci ya biya kuɗin allurar da ba a yi masa ba, mai asibiti ya sayi kayan da ba su dawo da uwar kuɗi ba, gwamnati kuma ta rasa ma'aikacin da ta kashe shekaru tana horarwa. Wannan ne ya sa batun ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, musamman waɗanda suka zuba jari a asibitocin kuɗi da kantunan magani.

GIRMAN KASUWAR

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi, wanda aka fitar da sakamakonsa a watan Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru. Daga cikinsu, mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi na asibiti, galibi tiramadol, ba bisa umarnin likita ba, yayin da miliyan 2.4 suka sha maganin tari mai kodin. A shiyyar Arewa maso Gabas, inda Jihar Yobe take, adadin masu ta'ammali ya kai kimanin mutum miliyan 2.

Abin lura a cikin waɗannan alƙaluma shi ne, baya ga tabar wiwi, abin da ya fi addabar ƙasar nan magani ne na halal, wanda masana'anta ta yi, aka biya masa kuɗin fito, aka jera shi a kanta. Ke nan kowace kwalba da ta isa hannun mashayi ta bi ta hannun wani mai lasisi ko wani mai aiki a ƙarƙashin mai lasisi, in ban da wadda aka yi fasa-ƙwaurinta.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai a kan hanyar shigowar kayan. Ranar 1 ga Mayun 2018, kwana guda bayan Sashen Afirka na BBC ya nuna wani rahoton bincike kan cinikin kodin, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A cikin wannan shekarar ce kuma Indiya, inda akasarin tiramadol ke fitowa, ta sanya shi cikin jerin magungunan da ake sa wa ido. Hukumar NAFDAC ba ta amince da tiramadol da ya wuce miligiram 50 da 100 ba, amma wanda jami'an tsaro ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa yakan kai 200 ko 225, har ma da 250.

Ƙa'idar kasuwa ce cewa idan aka toshe wata ƙofa alhali bukata tana nan, farashi yakan hau, kuma ƙofar da ta rage takan ƙara daraja. Ƙofar da ta rage kuwa ita ce sitocin asibiti da kantar mai harhaɗa magunguna.

ME YA SA POTISKUM?

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Ta nan motocin da suka taso daga Kano da Bauchi da Jos suke bi zuwa Damaturu da Maiduguri, kuma kasuwar shanunta da ke ci ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Garin ya shahara da masu manyan motocin dakon kaya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da 200,000, tun kafin rikicin Boko Haram ya koro dubban jama'a zuwa cikinta. Babban asibitin garin, wanda gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗaga darajarsa zuwa asibitin ƙwararru, shi ne madogarar mutanen Fika da Nangere da Fune, ga kuma haɗurran mota da babbar hanya ke kawowa dare da rana.

Ma'aikatan lafiya na wannan gari sun ga abin da ba kowa ya gani ba. Su ne suka karɓi gawawwaki da masu rauni bayan harin kasuwar shanu na watan Mayun 2012, wanda ya halaka mutum fiye da 30. A watan Fabrairun 2013 aka kashe likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa da ke aiki a garin. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 kuma wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe ɗalibai fiye da 40 a makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta gwamnati. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da tabbatar da cewa firgici irin wannan, tare da rashin barci da yawan aiki, suna cikin abubuwan da ke tura mutum ga neman abin da zai kwantar masa da hankali.

Ƙarancin ma'aikata ya ƙara wa lamarin nauyi. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 55,000 ne ke aiki a ƙasar nan, kuma wajen 16,000 sun fice zuwa ƙasashen waje cikin 'yan shekarun da suka gabata. Akasarin waɗanda suka rage suna Legas da Abuja da manyan birane. A garuruwa irin su Potiskum, ma'aikaci guda yakan riƙe aikin mutum biyu ko uku, kuma shi ne mai rubutawa, shi ne mai ɗaukowa, shi ne mai yin allurar. Wannan ba zargi ba ne ga wani asibiti ko wani ma'aikaci. Yanayi ne da ke buɗe ƙofa a duk inda aka same shi.

YADDA SABO KE SOMAWA

Maganin da ya fi fitowa a rahotannin likitocin asibitocin koyarwa na ƙasar nan shi ne allurar pentazosin, wadda aka fi sani da "penta". Tana zuwa ne a 'yar kwalba mai miligiram 30, kuma ana amfani da ita bayan tiyata, da ɗakin haihuwa, da wajen masu karaya, da masu ciwon sikila idan ciwon ya tashi. Da yake tana da araha kuma ta fi mofin da petidin sauƙin samu, kusan babu asibitin da ba ta ciki. Rukuni biyu ne suka fi bayyana a cikin waɗannan rahotanni a matsayin waɗanda ta kama: masu sikila, da ma'aikatan asibiti.

Sau da yawa abin yakan faro ne daga ciwo na gaskiya. Ma'aikaciyar jinya mai ciwon baya ko ciwon mara, ko likitan da ya yi haɗarin babur, sai ya ga babu dalilin bin layi tun da ya san maganin kuma ya iya allura. Ƙarfin allurar ba ya wuce sa'a uku zuwa huɗu. Bayan 'yan makonni jiki yakan saba, sai kwalba ɗaya ta daina isa. Idan kuma aka tsaya, sai zufa, da hamma, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci su taso, har mutum ya koma yana yin allurar don kawai ya iya tsayuwa a bakin aiki. Yawan yin ta a wuri guda yakan sa tsoka ta ƙandare, fata ta ɓurme ta zama gyambon da ba ya jin magani, wani lokaci hannu ko ƙafa su kasa lanƙwasuwa. Shi kuwa tiramadol, idan ya haura miligiram 400 a yini, yakan jawo farfaɗiya.

Ilimi ba ya kare mutum daga wannan, kuma tarihin aikin likita ya nuna haka. William Halsted, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayen tiyatar zamani a Amurka, kuma shugaban sashen tiyata na farko a asibitin Johns Hopkins, ya kamu da hodar iblis a 1884 yayin da yake gwada ta a jikinsa a matsayin maganin kashe zafi. Aka yi masa magani da mofin, sai ya koma kan mofin ɗin, ya kuma zauna da ita har rasuwarsa a 1922. Ƙiyasin da aka fi ambata a Amurka shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya kan faɗa matsalar ƙwaya ko barasa a wani lokaci na rayuwarsu. Wannan bai yi nisa da na sauran jama'a ba. Bambancin yana ga irin abin da suke sha, domin sun fi karkata ga magungunan da ke gabansu.

TA INA KUƊIN KE ZUBA?

Hanyoyin da magani ke bi ya ɓace sanannu ne ga duk wanda ya taɓa binciken littafin asibiti. A rubuta an yi wa majinyaci kwalba guda alhali rabi aka yi masa. A yi masa ruwan allura zalla. A rubuta cewa kwalba ta fashe. A ci gaba da ɗaukar magani da sunan wanda aka riga aka sallama. A kantin magani kuwa, a sayar ba tare da takardar likita ba, ko a kawo takardar jabu.

Wanda ya fara ɗanɗana asarar shi ne majinyaci. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Makiyayin da ya sayar da tunkiya don a yi wa matarsa tiyata ya biya kuɗin allura, amma matar ta kwana tana kuka, sai a ce ta cika raki, a sake rubuta wata allurar ya sake biya.

Na biyu shi ne mai asibiti. A ɗauka ma'aikaci guda ya kai matsayin da yake bukatar allura duk bayan sa'a huɗu: kwalba 6 ke nan a yini, 180 a wata, 2,190 a shekara. Mai asibiti ya ninka wannan da farashin da yake saye, ya ƙara sirinji da sauran kayan aiki, zai ga abin da ke fita daga hannun mutum ɗaya tak. Farashin kuwa ya tashi matuƙa tun bayan da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, kasancewar akasarin magunguna da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. A asibitocin gwamnati, inda ake aiki da tsarin asusun magani mai juyawa wanda ya samo asali daga Shirin Bamako na 1987, duk kwalbar da ta fita ba kuɗi tana rage jarin da za a sayo wata, har a wayi gari sito ya bushe.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan girma, wadda ƙasashen da suka ci gaba suka riga suka ɗanɗana. A watan Disamban 2013 wata kotu a Amurka ta yanke wa wani ma'aikacin asibiti mai suna David Kwiatkowski ɗaurin shekara 39. Yana satar sirinjin fentanil da aka tanadar wa majinyata, ya yi wa kansa, ya cika sirinjin da ruwan gishiri ya mayar; ta haka ya harba wa mutum fiye da 40 ciwon hanta nau'in C a jihohi daban-daban. An sha korarsa daga aiki, amma da yake asibitocin sun gwammace su rufa wa kansu asiri, sai ya riƙa samun aiki a gaba. A 2015 kuma Babban Asibitin Massachusetts ya biya gwamnatin Amurka Dala miliyan 2.3 bayan an gano ma'aikatan jinya biyu sun kwashe ƙwayoyi kusan 16,000 ba tare da littafi ya nuna ba.

Na uku shi ne jiha. Ma'aikacin jinya yakan shafe shekara uku a makaranta irin Kwalejin Shehu Sule da ke Damaturu, likita kuwa shekara shida, ban da shekarar sanin makamar aiki. Jihar da ke fafutukar neman waɗanda za su zauna a Machina da Yunusari ba ta da ma'aikacin da za ta yi asararsa a banza.

DOKA TANA NAN, SAI DAI KIYAYEWA

Ba dokoki ne ƙasar nan ta rasa ba. Tun 1935 aka kafa Dokar Magunguna Masu Haɗari, wadda daga gare ta ne aka gaji al'adar ajiye irin su mofin da petidin a akwati mai kulle, da rubuta kowace kwalba a rajista ta musamman. Dokar soja mai lamba 48 ta 1989 ta kafa Hukumar NDLEA, wadda aka naɗa Birgediya-Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya ya shugabance ta a watan Janairun 2021. Shi ne gwamnan soja na tsohuwar Jihar Borno a lokacin da aka cire Yobe daga cikinta a 1991. Dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa NAFDAC. Dokar 2022 kuma ta ƙara wa Majalisar Kula da Harkar Harhaɗa Magunguna iko a kan duk wani wurin da ake sayar da magani, har da kemis-kemis na unguwa, waɗanda lasisinsu bai ba su damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle yin allura.

A ɓangaren sari ma an sami sauyi. A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani sama da 1,300 a yankin Sabon Garin Kano, inda 'yan kasuwar Arewa suka daɗe suna sari, aka umarce su da komawa sabuwar cibiyar sari ta Dangwauro. Jihar Yobe kuma tana da hukumar YODMA mai saye da rarraba magunguna ga asibitocin gwamnati, abin da ke ba da damar bin sawun kaya daga babban sito zuwa ɗakin majinyata.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rajistar da mutum ɗaya ke cikawa, shi ne kuma ke riƙe da mabuɗi, ba ta da amfani. Ga kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren: idan tsoro ya sa asibitoci suka daina ajiye magungunan kashe zafi baki ɗaya, masu ciwon daji da masu sikila ne za su sha wuya, a ƙasar da ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara. Don haka ne Manufar Ƙasa kan Magungunan da Ake Sa wa Ido ta 2017 ta haɗa abu biyu: a samar da maganin ga mai bukata, a kuma hana shi karkacewa.

KORA KO MAGANI?

Abin da aka saba yi idan asiri ya tonu shi ne ɗaya daga cikin biyu: ko a yi shiru don kare mutuncin ma'aikacin da iyalinsa, ko a sallame shi a asirce. A lissafin kasuwa duka biyun asara ce. Wanda aka yi shiru a kansa yana nan yana ɗiba. Wanda aka sallama kuwa yakan koma wani asibitin kuɗi, ko ya buɗe kemis a ƙauye inda babu mai sa masa ido.

Wasu ƙasashe sun gwada hanya ta uku. Bayan rahoton da Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar a 1973 kan likitoci marasa lafiya, jihohin ƙasar suka kafa shirye-shiryen da ke janye likita daga aiki na ɗan lokaci, a yi masa magani, sa'an nan ya dawo bisa sharaɗin gwajin fitsari ba zato har tsawon shekara biyar. Wani bincike da aka buga a 2008 kan likitoci 904 ya gano cewa bayan shekara biyar, kimanin kashi 79 cikin ɗari suna riƙe da lasisinsu kuma suna bakin aiki. A wannan shekarar ce Ingila ma ta buɗe irin wannan shiri na sirri a birnin Landan.

A nan gida, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma a 2022 NDLEA ta buɗe layin tarho na kyauta don masu neman shawara a asirce. Sai dai asibitin tarayya na masu taɓin ƙwaƙwalwa mafi kusa a shiyyar yana Maiduguri, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Potiskum, kuma ma'aikacin lafiya yakan ji nauyin zama a layi ɗaya da mutanen da suka san shi. Tsari na sirri, wanda Ma'aikatar Lafiya ta jiha da ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya za su haɗu su kafa, zai fi korar ma'aikaci araha nesa ba kusa ba.

ABIN DA YA RAGE GA MASU JARI

Matakan da mai asibiti ko mai kantin magani zai ɗauka ba masu tsada ba ne. A raba mai rubuta magani da mai riƙe mabuɗi. A ƙirga kwalabe a duk lokacin canjin aiki, mutum biyu su sa hannu. A dawo da kwalbar da aka fasa, a zubar da ragowar magani gaban shaida. Duk wata a gwada abin da ya fita daga sito da abin da ke rubuce a katin majinyata, kamar yadda ɗan kasuwar hatsi ke gwada buhunan da suka fita da kuɗin da suka shigo. A lura da ma'aikacin da ke yawan neman aikin dare, ko wanda majinyatansa kullum ke kukan allura ba ta yi musu aiki ba, ko wanda kwalba ke yawan fashewa a hannunsa. A hana kowa rubuta wa kansa ko iyalinsa irin waɗannan magunguna. Kafin a ɗauki sabon ma'aikaci, a tuntuɓi inda ya baro.

Masu manyan motoci da dillalan shanu ma suna da ruwa da tsaki a ciki, domin kemis ɗin da ke sayar wa direba tiramadol ba takarda shi ne ke jefa tirelar miliyoyin Naira cikin haɗari a hanyar Damaturu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Asibitin da ya tsare littafinsa, ya kuma ba ma'aikacinsa da ya faɗa hanyar neman magani ba tare da tozarci ba, ya tsare jarinsa, ya tsare majinyacinsa, ya kuma riƙe ma'aikacin da samun madadinsa ke da wuya a wannan yanki.